'Yata ta haddace jadawalin sau, amma ba ta iya duba agogo ko lissafa canji ba

Maman Zainab, Gusau

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyaye a kan wani al'amari da ya ɗaure mini kai. 'Yata tana aji uku na firamare, shekarunta takwas, kuma idan aka bi ta sakamakon jarrabawa ba za a ce tana da rauni a lissafi ba, domin tana karanto jadawalin sau tun daga sau biyu har zuwa sau tara ba tare da gargada ba, tana kuma yin tarawa a takarda daidai gwargwado. Sai dai duk wannan ilimin a cikin littafi yake tsayawa. Idan na aike ta shagon unguwa da naira 500 ta sayo kayan naira 320, duk abin da mai shago ya miƙo mata shi take kawowa, kuma idan na tambaye ta nawa ya kamata a ba ta, sai ta yi shiru ko ta shiga neman fensir. Agogon bango kuwa, idan dogon hannu yana kan 8 sai ta ce minti takwas. Na waya kaɗai take iya karantawa, shi ma idan ya nuna 16:30 sai ta ce ƙarfe goma sha shida.

Tambayata ita ce, ta ina ya kamata in fara da ita a gida, ganin cewa ni ba malama ba ce? Akwai kuma abu biyu da nake so a fayyace mini. A makarantarsu da Turanci ake koyar da lissafi, a gida kuma Hausa muke yi, shin idan na riƙa yi mata bita da Hausa ba zan ƙara rikita ta ba? Sannan littafinsu cike yake da tambayoyin kwabo, alhali tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin an sayi wani abu da kwabo ba. Shin akwai amfanin ɓata lokaci a kansa?

Malam Habibu, malamin firamare, Zariya

Wa alaikumus salam, Maman Zainab. Allah ya raya mana su. Abin da kika bayyana ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli a aji uku, kuma ba alamar rashin ƙwaƙwalwa ba ce. Yaro yana iya rera jadawali daga farko har ƙarshe alhali bai san cewa 6 sau 4 na nufin kashi shida na abu huɗu-huɗu ba.

Kafin ki taɓa agogo ko kuɗi, ki fara gwada ta da abu biyu. Ki ce ta rubuta ɗari biyu da biyar da lambobi. Idan ta rubuta 2005 maimakon 205, to abin da kunnenta ya ji ta rubuta, wato 200 sannan 5, kuma ba ta gane cewa matsayin da lamba take zaune a kai shi ke ba ta daraja ba tukuna. Bayan haka ki ba ta 52 a ɗebe 38. Yara da yawa 26 suke kawowa, domin idan suka ga ba za a iya ɗebe 8 daga 2 ba, sai su juya su ɗebe 2 daga 8 su sami 6, su ɗebe 3 daga 5 su sami 2. Amsar gaskiya 14 ce. Yaron da ke yin haka, idan aka ba shi 1000 a ɗebe 520 zai iya rubuta 1520 bai ji komai a ransa ba, ko da yake canjin ya fi kuɗin da aka bayar yawa. Idan Zainab ta faɗa cikin ɗayan waɗannan, nan ne tushen matsalar canjin, kuma daga nan za ki fara.

Maganin ba ya cin ko sisi. Ki samo tsinken tsintsiya, ku karya su tsawon yatsa, ita da hannunta ta ƙirga goma-goma tana ɗaurewa da zare. Hamsin da biyu ya zama ɗauri biyar da tsinke biyu ke nan. Sai ki ce ta ba ki tsinke takwas, ki kuma yi shiru, kada ki nuna mata hanya. Za ta duba biyun da ke gabanta ta ga ba su isa ba, kuma a ƙarshe dole ta kwance ɗauri guda, ya zama tana da ɗauri huɗu da tsinke goma sha biyu. Ta ba ki takwas, saura huɗu. Ta ba ki ɗauri uku, saura ɗaya. Ga 14 a kan tabarma tana kallo. Wannan kwancewar ita ce aron da ake sa su yi a allo, wanda mafi yawansu suke yi ba tare da sanin daga ina aka aro ba. Duk abin da ta yi da hannu, ki sa ta faɗe shi da baki, sannan ta rubuta shi a takarda nan take, don ta ga cewa ukun abu ɗaya ne. Irin wannan aiki da ɗauri da tsinke yana cikin tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da shi, inda ake koyar da yaro daga matakin da ya tsaya ba daga ajin da yake zaune ba, kuma tsarin ya iso wasu jihohin arewa irin su Borno.

Shi kuwa agogo, wahalarsa ita ce lambobi goma sha biyun nan aiki biyu suke yi: ga gajeren hannu 8 takwas ce, ga dogon hannu kuma arba'in ce, kuma ba a rubuta arba'in ɗin a ko'ina ba. Ki yanka kwali ki zana agogo, ki sa masa gajeren hannu kaɗai da farko. Ki riƙa juya shi kina tambayarta: ya kai uku cif, ko ya ɗan gota uku, ko yana tsakiyar uku da huɗu, ko ya kusa huɗu? Wannan mataki ne ake yawan tsallakewa, shi ya sa idan agogo ya nuna 3:40 yaro yake cewa ƙarfe huɗu da minti arba'in, saboda gajeren hannun ya fi kusa da 4. Sai ta zauna daram a kan wannan za ki ƙara dogon hannu, ki rubuta 5, 10, 15 har zuwa 60 a gefen kwalin ta waje. A nan haddarta za ta yi mata rana, domin da zarar ta gane cewa zagayen dogon hannu jadawalin sau biyar ne, 8 ta zama 5 sau 8, an gama. Daga baya sai ki kawo rabi da kwata da saura, ki nuna mata cewa 3:40 shi ne dai huɗu saura minti ashirin.

Game da harshe, ki yi mata da Hausa hankalinki kwance. Abin da yaro ya fahimta da harshen da yake tunani da shi ba ya ɓacewa idan an sauya masa suna. Idan ta gane, sai ki faɗa mata kalmar da malaminsu yake amfani da ita a aji, don kada ta ga tambaya a jarrabawa ta ɗauka sabon abu ne.

Hajiya Mai Shago, Kano

Sannunku da ƙoƙari. Malam ya yi bayanin makaranta, ni kuma zan faɗi abin da nake gani ta bayan kanta, domin yaran unguwa su ne rabin masu sayayyata. 'Yar'uwa, ki sani cewa babu ɗan kasuwar da ke yin ɗebewa irin ta allo idan zai ba da canji. Cikowa muke yi. Idan yarinya ta sayi kayan naira 520 ta ba ni 1,000, ba na cewa sifili a ɗebe biyu ba zai yiwu ba. Daga 520 nake tashi, in sa 30 ya zama 550, in sa 50 ya zama 600, in sa 200 sau biyu ya cika dubu, sannan in duba hannuna in ga 480. Yaran da ke talla duk haka suke yi, kuma za ki sami wadda ba ta taɓa shiga aji ba amma ba a isa a cuce ta da naira goma ba. Ba ina yabon talla ba ne, ina nuna cewa hanyar tana da sauƙin kamawa.

Ki buɗe mata shago a tsakar gida. Ki tara gwangwanayen madara da kwalayen ashana da ledojin omo da suka ƙare, ki liƙa wa kowanne farashi, ku yanka takardu ku rubuta 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500 da 1,000 daidai da takardun kuɗin da muke da su. Ita za ta zama mai shago, ke mai saye, kuma wani lokacin ki ba ta kuɗin da bai cika ba da gangan ki ga ko za ta kama ki. Idan za ki aike ta shagon gaske, kada ta fita sai ta faɗa miki nawa take sa ran dawowa da shi. Ko ba ta faɗi daidai ba, ta dai san ko canjin ya kai ɗari biyu ko bai kai ba. Ki kuma gaya mata cewa idan mai shago ya cika mata da alawa saboda ƙananan kuɗi sun yi wuya, ta tambayi alawar ta nawa ce ta haɗa a lissafi.

Wani abin da iyaye ba su cika kula da shi ba shi ne yanzu ciniki da yawa ta waya ake biya. Yaron da bai iya bambance 1,500 da 15,000 da kallo ɗaya ba, sifili guda zai jawo masa asara. Ga kuma yadda muke magana a kasuwa, inda dubu ɗari da hamsin ke nufin 150,000, ba 100,050 ba. Idan ta ƙara girma ki riƙa faɗa mata irin waɗannan da baki tana rubutawa.

Baban Iliya, Maraɗi

Gaisuwa ga 'yan'uwa na ƙetaren iyaka. Na ga ya dace in sa baki, domin a nan Nijar tazarar da ke tsakanin lissafin aji da na kasuwa ta fi taku faɗi, kuma yadda yaranmu suke tsallake ta yana iya amfanar Maman Zainab. A littafi da jikin kuɗi faran ake rubutawa, amma a kasuwa da dala ake ciniki, kuma dala ɗaya faran biyar ce. Ƙarfen da aka rubuta wa 25 dala biyar muke ce masa, mai 50 dala goma, mai 100 dala ashirin, 500 kuma dala ɗari, sannan takardar 1,000 ita ce jika guda. Saboda haka yaron da ya shiga aji ya tarar da malami yana cewa ɗari da Faransanci a kan ƙarfen da ya tashi yana kira dala ashirin, dole kansa ya ɗaure, kuma akwai yaran da ake yi wa kallon marasa gane lissafi alhali wannan ne kaɗai ya tare musu hanya.

Abin da na ga yana aiki shi ne a daina ɓoye wa yaro cewa ƙirga biyu ce. A raba takarda gida biyu, a rubuta dala a dama, faran a hagu, a zube ƙarafa a gabansa ya riƙa ɗauka yana cika gidajen biyu. Ba ya daɗewa zai gano da kansa cewa daga dala zuwa faran ninkawa ce sau biyar, dawowa kuma rabawa ce gida biyar. Yaron da ya iya cewa 375 dala saba'in da biyar ce, ko 1,250 jika ce da dala hamsin, ya riga ya yi rabawar da ake jira sai ya kai manyan azuzuwa a koya masa.

A kan 16:30 da kika ambata, mu a nan da wannan tsarin na awa 24 ake rubuta lokaci a makaranta da ofisoshi, don haka yaranmu da wuri suke sabawa. Ki ce mata duk lambar da ta haura 12 ta ɗebe 12 daga ciki, kuma ki ɗaura mata shi a kan abin da ta sani: 16:30 bayan La'asar ne, 20:00 kuma an yi Isha'i ko ana dab da yi. Idan kuna da ɗan'uwa a Makka, ki sa ta lissafa muku lokacin can kafin ku kira, tunda suna gabanmu da awa biyu, mu da ku, Gana kuma tana bayanmu da awa ɗaya.

Tsohon Hedimasta, Katsina

Na karanta bayanan da suka gabata kuma na gamsu da mafi yawansu, amma ina so in ja hankalin ɗana Malam Habibu a kan abu guda. Kada garin yabon tsinke a raina hadda. Yarinyar nan ta zo da jari, domin wanda ya san 7 sau 8 ba tare da tsayawa tunani ba hankalinsa yana samun sararin kula da ainihin tambayar da aka yi masa. Na ga yaran da aka bar su da tsakuwa da zanen sanduna a bayan littafi har aji biyar, sai a ba su 48 a tara da 37 su cika shafi da sanduna, lokacin jarrabawar shiga sakandare ya ƙare suna ƙirga. Tsinke na ɗan lokaci ne, kuma dole a san ranar da za a karɓe shi. Shawarata ita ce kowace safiya, kafin ta tafi makaranta, a yi mata lissafin ka na minti biyar, ba fensir ba takarda, kuma a riƙa tsallaka jadawalin ana juya shi. Maimakon a ce 6 sau 4 nawa ne, a ce mene ne za a ninka sau 6 a sami 24. A nace kuma a kan lambobin da ke haɗuwa su cika goma da ɗari, irin su 7 da 3, ko 65 da 35, domin su ne ƙashin bayan cikon da Hajiya ta bayyana.

Batun kwabo kuwa, ba a amsa miki shi ba, 'yata. A koya mata, amma kada a daɗe a kai. Gaskiya ne ƙarafan kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007 ba a ganinsu a kasuwa, amma kwabon yana nan a rubuce. Ki nuna mata saƙon banki a wayarki, za ta ga ɗigo da lambobi biyu a bayan kuɗin, kamar 2,500.75, ki ce mata wannan 75 ɗin kwabo ne, kuma ɗari daga cikinsu ke yin naira ɗaya. Ta wannan ƙofar za ta shiga lissafin ɗigo a aji huɗu da biyar, wanda da shi ake rubuta mita da santimita, da kilo da giram.

Mu da muka yi firamare kafin a sauya kuɗi a ranar 1 ga Janairun 1973, kwabo goma sha biyu ne sule a wurinmu, sule ashirin kuma fam ɗaya, ga sisi mai kwabo shida da taro mai kwabo uku. Tarawa ɗaya sai ka yi riƙo a kan goma sha biyu, ka sake yi a kan ashirin. Da naira ta zo, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, komai ya zama goma-goma. Na kawo wannan ne saboda agogo har yau bai bi goma-goma ba, a kan sittin yake juyawa, kuma a nan nake sa ran yarinyar za ta sake yin tuntuɓe.

Maman Zainab, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, na gwada ta kamar yadda ka ce. Ta rubuta 205 daidai, amma a ɗebewar 26 ta kawo, don haka mun fara da tsinke. Baba Hedimasta, maganarka ta ƙarshe ta tuna mini da wata tambaya a aikin gidansu: an fara darasi 9:45 an tashi 10:20, minti nawa aka yi? Ita 75 ta rubuta, malaminsu ya soke bai yi bayani ba. Yaya zan nuna mata?

Malam Habibu, malamin firamare, Zariya

Na karɓi gyaran Baba, kuma da ta iya faɗin amsar kafin hannunta ya kai ga kwance ɗaurin, lokacin ajiye tsinke ya yi.

Ita 75 ɗin ba da ka ta faɗe ta ba. Ta ɗauki 10:20 a matsayin 1020, ta ɗebe 945, kuma ɗebewar tata daidai ce, sai dai ta ɗauka cewa awa minti ɗari ce. Shi ya sa amsarta ta haura ta gaskiya da arba'in cif, wato bambancin 100 da 60. Kada ki bari ta jera lokuta biyu a takarda ta ɗebe tukuna. Ki koma kan agogon kwali, ki sa shi a 9:45, ta tura dogon hannu da yatsa har ya hau 12 tana ƙirga biyar-biyar, ta sami 15. Ta rubuta 15 a gefe, ta ci gaba daga 10:00 zuwa 10:20 ta sami 20, ta haɗa su zama 35. Cikon Hajiya ne dai, sai dai a nan ana tsayawa a kan cikar awa maimakon cikar ɗari.

Ki riƙa ba ta irinsa daga hidimar gida. Idan kin ɗora shinkafa 12:50 kin ce a sauke bayan minti 25, ita za ta faɗi lokacin saukewa, kuma ita za ta tsare agogon bango ta kira ki idan 1:15 ta yi. Ki fara da tazarar da ba ta kai awa ba, kuma ki tabbata wasu daga cikin tambayoyin suna tsallaka 12, domin komawa daga 12 zuwa 1 yana ruɗa yara da yawa. Wadda ta haura awa, kamar daga 7:40 zuwa 9:10, ki bar ta sai ta saba, sannan ta yi ta mataki uku: minti 20 zuwa ƙarfe takwas, awa ɗaya zuwa tara, da minti 10 a kai, wato awa ɗaya da rabi.